Sojan da Ya Juya Baya

Dogon Dutsi, 6 ga Nuwamba 1953

Zuwa ga yayata Dije, a Matankari.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Jibo da duk mutanen gida. Yaya gajiyar kaka? Mu nan lafiya lau, sai ciwon bayan da motar aikinmu ta gadar mini. Jibo, na san kai za ka karanta wa innarka wannan takarda, to ka karanta duka, kar ka tsallake inda na taɓa ka.

Yaya, na sake shiga biro, ofishin Turawa, shekaranjiya, na sa akawun kumandan ya duba mini. Babu sunan Gado a takardar waɗanda suka rasu, babu a ta masu rauni, wasiƙa kuma ba ta zo ba. Shekara biyu ke nan da ɗaukarsa soja, wata goma sha huɗu rabonmu da takardarsa daga Andoshin, ƙasar da Faransa ke yaƙi can gabas mai nisa. Na san ba za ki tambaya ba. Ɗan fari ne, ko sunansa kunya ba ta barin ya fita bakinki, shi ya sa nake faɗa miki ba a tambaye ni ba. Ladidi mai daddawa ta tare ni a kasuwa ta ce kin rame, tuwo a gabanki yake hucewa. Wannan magana ta dame ni ƙwarai.

Yanzu ga labari mai daɗi. Motar silima za ta zo Matankari ran Talata ta sama. Kin sha yi mini ba'a, wai wane irin aiki ne ake biyan namiji don ya yi surutu. To za ki gani da idonki. Bayan magariba ake kafa farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, Bature mai inji ya kunna, hotuna su kama motsi, ni kuma in tsaya a gefe da ƙahon magana ina faɗa da Hausa abin da ake gani. In na yi shiru, babu wanda zai san ko biki ake yi ko jana'iza.

Sai dai ba kowace silima ce ta cancanci mutum ya bar tabarmarsa ba. Shekara uku ina wannan aiki, kowane gwangwanin silima da ke cikin motar na ga abin da ke cikinsa ya fi sau ɗari, don haka ina da ƙa'idodina, kuma kyauta zan ba ki. Duk wadda ta fara da Bature a tsaye riƙe da takarda, tashi ki je ki ba akuya dusa, za ki dawo ki tarar bai kai rabi ba. Akwai ta wanke hannu. Wani ƙato ne ke zubar da ruwa tulu uku don yatsu goma. Macen da ta wuni tana jan guga a rijiyar Matankari bai kamata a zaunar da ita ta kalli wannan ba, ranta ne kawai zai ɓaci. Ta noman gujiya kuwa, ki dubi ƙafar mai koyarwa tun farko. In kin ga takalmi da agogo a jikin mai riƙe da hauya, ki yi gyangyaɗinki, ni kaina ina fassarawa ne ina jin kunyar tsofaffi. Wadda nake so ki tsaya ki gani ita ce ta teku. Babu wa'azi a cikinta, ruwa ne kawai iya ganinki da jirgin da ya fi unguwarku girma.

Jibo, kai kuma na ji ka zama saurayi har kana shafa turare. Ka zo da tabarma ka shimfiɗa wa innarka a gaba, kar ka ɓace cikin 'yan mata.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Abdulmumini

*

Matankari, ran Alhamis bayan tahiyarku

Zuwa ga ƙanena Mumini. Jibo ke rubutawa, ni ke faɗi.

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan kun isa lahiya. Ka gudu da asuba ko tuwon da na aje maka ba ka taɓa ba, wai injin shina son a kula da shi. Ban samu na yi maka godiya ba, shi ya sa na zaunar da yaron ga da alƙalami.

Na bi ƙa'idarka. Da Baturen ya miƙe da takarda na yi barcina, ta ruwan hannu kuma na rufe ido. Teku na gani, Allah mai iko. Sai anka sa wadda ba ka gaya mini ba, ta sojoji. Suna zaune sun kewaye tukunya, kowa da takalmi, kowa shina dariya. Sai wani ya taso ya juya muna baya, da burodi biyu a hammata, shina tahiya shina ɗan sauke kafaɗar dama. Sai na ji muryarka ta cika fili, ka kira sunan wan Jibo, ka ce ga ɗan Matankari nan, ya ƙoshi har wuya ya yi kauri.

Mumini, mata sunka ɗau guɗa, sunka juyo suna dubana. Ni kuwa na sunkuya kamar ba nawa ba, ka san yadda abin yake. Amma ta ƙasan mayafi na gani. Taku bakwai ya yi kahin hoton ya wuce, na ƙirga. Bai juyo ba, amma ƙeyar tashi ce, tahiyar kuma ta marigayi ubanshi ce sak.

Na ci malmala biyu a ranar, na kwana ban farka ba, abin da na manta rabona da shi. Akuyar da mai bori ta ce in yanka ma Doguwa don a san inda yake, na fasa, na bar ta ta haihu. Mi zan tambayi iska, tunda na gani da idona? Kai ka maido mini da raina, Allah shi saka maka, shi ja kwananka.

Yayarka,
Dije

Kawu, nan kuma ni ne Jibo, Inna ta shiga ɗaki. Ina gaisuwa. Ka ba mu ƙa'idodi a kan silimar banza, amma ka ɓoye mana wadda ta fi duka. Ka ga naman da ke cikin tukunyar nan? Ka ga rigunan? Ni nan tun damina ƙafata ke tsage, abin da muka samu kuma bayan na biya lanho, harajin Turawa, bai cika rumbu ba. Mai shela ya ce masu ɗaukar soja za su zauna a Dogon Dutsi tsakiyar watan gobe. Sun ce ba a tilasta wa gidan da ya riga ya ba da ɗa, amma wanda ya kawo kansa ana karɓarsa. Shekarata ashirin. Ina so in je in ga Yaya Gado, in ce masa ya ji tsoron Allah ya riƙa rubuto takarda. Me ka gani?

*

Dogon Dutsi, 27 ga Nuwamba 1953

Zuwa ga ɗana Jibo.

Bayan gaisuwa, wannan takarda taka ce kai kaɗai, kar ka karanta wa innarka.

Ka ce na ɓoye muku silimar da ta fi duka. Ban ɓoye ba, ƙa'idodin ne ban gama ba, na ba ku na dariya na riƙe sauran. Yanzu ka saurara, don ba wasa nake ba.

Silimar da kowa a cikinta ya ƙoshi, ka yi hattara da ita. Ka taɓa ganin taron mutum ɗari babu mai tari, babu mai ɗingishi, babu wanda ya zauna gefe yana tunanin gida? Ko ranar salla ba a samun haka. In ka ga an nuna maka irin wannan taro, ka sani akwai waɗanda aka ce su matsa gefe kafin a ɗauki hoton. A bakin kasuwarmu akwai wani tsohon soja, Maikano, hannunsa na dama ya tsaya a gwiwa, yana sayar da goro da na hagu. Ya yi yaƙin da ya wuce. Shekara uku motarmu na wucewa ta gabansa, ba a taɓa juya injin hoto wajensa ba.

Ka lura kuma, a silimar nan bakunan sojojin na motsi, amma me ka ji? Ganga da kakaki irin na Turawa, sai muryata. Duk wadda aka danne muryar mutanen cikinta da kiɗa, ni ba na ba ta amana. Ban san abin da suke cewa ba, Jibo. Ni ma da nake fassarawa ban sani ba.

Sannan ka dubi lokacin da ake kawo ta. Ta gujiya kafin shuka ake fito da ita. Ta sojoji kullum wata guda kafin likita ya zo da ma'auninsa yana auna ƙirjin samari. Ka ga ana tafiya a cikinta, jirgi na tashi, ana ɗaga hannu. Ka ga inda aka nuna wani ya dawo ya shiga gidansu?

Game da Gado kuwa, Andoshin ba Matankari ba ce da za ka tsaya a bakin rijiya ka tambayi gidan wane. Ƙasa ce mai faɗi, sojoji dubbai. Kuma mutum daga nesa, ta baya, da hula a kansa, yana iya kama da mutane da yawa. Ka yi tunani a kan wannan.

Ka zauna. Innarka ba ta da kowa sai kai, gonar ubanka ba ta da wani hannu. In takalmi ne, ni zan saya maka, har da turaren.

Ka gaida Inna, ka ce mata ina nan tafe in na samu sarari.

Kawunka,
Abdulmumini

*

Matankari, ran Juma'a

Zuwa ga ƙanena Mumini. Jibo ke rubutawa.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaron ga bai iya ɓoye mini komi ba, ya karanta mini takardarka tun daga sama har ƙasa.

Na yi mamakinka. Wai mutum ta baya shina kama da mutane da yawa. To wa ya kira sunan? Ni na kira? Kai ne kake tsaye kusa da ƙyallen, kai ka san karatun Turawa, kai ka ɗauke shi a kafaɗa shina yaro. In kai ba ka san shi ba, wa zai sani? Ina ga dai surutu ya yi maka yawa har ka fara gardama da kanka, halinka ne tun kana ƙarami.

Ba na son Jibo shi tahi, kar ka zaci ina so. Kwana uku ina hana shi. Amma na zauna na duba. Wancan sunka kama shi da ƙarfi, na yi ta kuka a ɓoye ina cewa sun kai shi ga mutuwa, ashe shina can da burodi biyu a hammata. Wanga kuma ga shi nan gabana kamar karan dawa. In na hana shi, don kaina na hana shi. Gona kuwa Malam Mahmuda maƙwabcinmu ya ce almajiransa da 'ya'yansa za su taimaka mini damina guda. Jibo ya yi mini alkawari zai nemo wanshi, su dawo tare ko su rubuto tare. Jiya na sa mishi albarka.

Zai sauka gidanka ran sha huɗu ga wata. Ka kai shi da kanka, tunda sun san ka a biro, kar su wulaƙanta shi a layi.

Ka gaya mini kuma yaushe motar za ta sake zuwa. Taku bakwai bai ishe ni ba.

Yayarka,
Dije

Kawu, kar ka ji haushi. Ƙa'idodinka na haddace su, amma wadda Yaya ke ciki ai ba ta shiga lissafi. Jibo.

*

Dogon Dutsi, 9 ga Disamba 1953

Jibo,

Gaisuwa a gaggauce, mota na jirana. An tura mu ƙauyukan arewa yau ba shiri, amma zan dawo ran sha uku in Allah ya so. Ka sauka gidana ka jira ni. Kar ka shiga layi, kar ka bari likita ya auna ka, kar ka sa hannu a kowace takarda sai ka gan ni. Akwai maganar da ba ta rubutuwa, sai baki da baki. Na haɗa ka da Allah ka jira ni.

Kawunka,
Abdulmumini

*

Matankari, ran Litinin

Zuwa ga Abdulmumini. Malam Mahmuda ke rubutawa, don mai rubuta mini ya tahi.

Ina gaishe ka kamar yadda anka saba.

Jibo ya jira ka wuni biyu a gidanka. Matarka ta ce mishi motarku ta karye a rairayi, ba a san ranar dawowarku ba. Ran Talata da anka ce yau ne rufewa, ya ce ai Kawu wata ƙa'idar ce zai ƙara mini, ya shiga layi. Ran Laraba babbar mota ta kwashe su zuwa Doso. Ladidi ta kawo mini tsohuwar rigarshi da hularshi, ta ce ya ce a ba ni.

Gidan ya yi mini faɗi. Sai na ji masu kai kanwa suna cewa an gyara motarku, za ku yi silima a Dogon Kiriya ran Juma'a. Na ce bari in je in ga babban, ko zuciyata ta kwanta, in gaya mishi a raina cewa ƙanenshi na bisa hanya. Na bi ayarinsu, wuni biyu, rabi bisa jaki rabi a ƙasa. Ban aiko maka ba, na so in ba ka mamaki.

Na iso an riga an fara, gaba ya cika. Wata mata ta ce in zagaya bayan ƙyallen, ana gani ta can ma, sai dai dama ta koma hagu. Na ji daɗin haka, don babu wanda ya san ni, babu wanda zan ji kunya. Na zauna dab da ƙyallen, in na miƙa hannu ina taɓa shi. Kai kana ta ɗaya gefen, taku biyar tsakaninmu, ina jin har numfashinka cikin ƙahon.

Anka sa ta sojoji. Ga tukunya, ga takalma. Ga shi ya taso da burodinshi. Na buɗe mayafi, na dube shi da ido biyu, karo na farko. Sai ka ce, da muryar nan taka mai daɗi: «Jama'ar Dogon Kiriya, ga Rabo nan ɗan garinku, ya ƙoshi har wuya ya yi kauri.»

Ko kalma ɗaya ba ka sake ba, Mumini, sai sunan.

Wata tsohuwa ta ƙwala guɗa ta can gaba, na ji ana ce mata barka. Na zauna har anka kashe injin. Na ga ƙafafunka ta ƙasan ƙyallen kana naɗe igiya. Na miƙe na yi tahiyata. Na kwana a zauren masu kanwa, da safe na kamo hanya.

Ban faɗa ma tsohuwar ba. Na tambaya, an ce tana da wani ɗa namiji a gida.

Shekara ashirin da huɗu ban kira sunan ɗana na fari ba. Yau zan kira, Malam ya ɗaga kai shina dubana, na ce ya rubuta. Gado. Ina Gado, Mumini? Wane ne wancan da na ci tuwo saboda shi, na sa ma Jibo albarka saboda shi? Ba zagi na aiko maka ba, ba ni da ƙarfinshi. Ka gaya mini gaskiya da Hausar da kake ci da ita.

Dije

*

Dogon Dutsi, 29 ga Disamba 1953

Zuwa ga yayata Dije.

Ina gaishe ki, in kina karɓar gaisuwata. Malam Mahmuda, ka karanta mata yadda na rubuta, kar ka sassauta.

Ban san wane ne ba, Yaya. A jikin gwangwanin an rubuta shekarar da aka ɗauki hoton, 1949, a wani bariki kusa da teku, ba ma a Andoshin ba. Lokacin Gado yana nan yana miki noma. Na san haka tun ranar da gwangwanin ya shigo hannuna.

Ga yadda abin ya fara. Bara a wani ƙauye wani makaho ya riƙe mini riga, ya ce an ɗauki ɗansa, in na gan shi a ciki in gaya masa. Tausayi ya kama ni. Da sojan nan ya taso, shi da ba a ganin fuskarsa, sai na kira sunan ɗan makahon. Garin ya ɗauki murna, ni kuma na kwana ina ganin na yi aikin lada. A shekarar samari tara suka kawo kansu daga ƙauyen, inda da ko ɗaya sai an bi shi da igiya. Bature mai inji ya lura, ya kai magana biro. Tun daga nan, duk garin da za mu shiga sai a miƙo mini 'yar takarda da sunan da zan kira.

A Matankari sunaye uku ne a takardar, ina da zaɓi. Ba zan ce an tilasta mini ba. Na hango ki a kan tabarma, wuyanki ya zama kamar na tsuntsu, na ce bari ta ci abinci ko na wata guda. Ban tuna da Jibo yana zaune a gefenki ba. Da takardarsa ta zo, na ga abin da na yi. Kalma huɗu za su tsayar da shi: ba Gado ba ne. Na zauna da alƙalami na rubuta masa shafi biyu na ƙa'idodi, na kewaye kalmomin nan huɗu ban rubuta su ba, don ina tsoron ki daina cin abinci, kuma ina tsoron ki san ni. Na biyun ya fi ƙarfi. A Dogon Kiriya ma da kika ji ni, na riga na san Jibo na jirana, aka miƙo takarda na karɓa na kira. Baki ya saba.

Da takardarki ta same ni na hau motar 'yan kasuwa zuwa Doso. Na tarar an wuce da su Yamai kwana biyar kafin zuwana. Na roƙi wani sajan, na ce yaron shi kaɗai ya rage wa uwarsa. Ya nuna mini inda Jibo ya sa hannu, ya ce wanda aka kama ana iya yi masa magana, wanda ya kawo kansa babu. Shekara huɗu ya ɗauka. Game da Gado, biro har yanzu babu komai, ba a cikin matattu ba, ba a cikin masu rai ba. Abin da na sani ke nan, ban rage ba.

Shekaranjiya mun yi silima a Tibiri. Aka miƙo takarda na sa a aljihu. Da sojan ya taso na sauke ƙahon na yi shiru, Baturen yana hararata. Taku ɗaya, biyu, uku, fili tsit. Sai wata mata daga cikin taro ta miƙe ta kira sunan ɗanta da kanta, saura suka ɗau guɗa. Labari ya riga mu isa, cewa a silimar nan ake ganin 'ya'ya. Yanzu ko babu ni abin yana tafiya. An ce in zo biro gobe in yi bayani, ban damu da abin da za su yi ba. Ran Juma'a zan je Dogon Kiriya da ƙafata in nemi uwar Rabo, tun ɗanta na biyu yana gida.

Na ba ki ƙa'idodi da yawa ina taƙama. Wadda ta kamata in fara ba ki ita ce, duk silimar da kika ga ni a tsaye a gefenta, ki tashi ki tafi gida.

Ban roƙi gafara ba, ban kai nan ba tukuna. Da na dawo daga Doso na tarar da takarda daga Jibo, wani direba ya kawo, ta yi kwana goma a hanya. Ga ta na haɗa da wannan. Na karanta sau ɗaya, ban iya na biyu ba. Taki ce fiye da tawa.

Ƙanenki,
Abdulmumini

*

Doso, 18 ga Disamba 1953

Zuwa ga Kawu Abdulmumini.

Gaisuwa da ladabi. Ka yafe mini ban jira ka ba, sun ce in na wuce ranar sai baɗi. Maganar taka ka ajiye mini, in na dawo na ji.

An aske mana kai, an ba mu takalma. Nawa sun matse ni amma an ce za su saki. Burodi ɗaya ake ba mutum biyu, ina ga sai an isa can ake ƙarawa. Gobe za mu Yamai. Na tambayi sajan ko ya san Gado na Matankari, ya yi dariya ya ce in na isa zan gan shi.

Kawu, alfarma ɗaya nake nema. In masu ɗaukar hoto sun zo, ni ba zan yi irin ta Yaya ba. Zan tsaya in juyo sosai, in cire hula, don Inna ta ga fuskata. In gwangwanin ya iso hannunka ka kai shi Matankari, ka shimfiɗa mata tabarma a gaba, ka kira sunana da ƙarfi yadda ka kira nasa.

Ka gaishe ta. Ka ce ta ci abinci.

Ɗanka,
Jibo